Yadda ake wanke maleƙin tsohuwar kyamara a gyara shi ba tare da an kashe shi ba

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Leica irin wadda ake murɗa mata lensi, ko Zorki ko FED ko Contax, ya san ƴar tagar leƙen da ke jikinta lensin 50mm kaɗai take nunawa. Da ka ɗaura 35 ko 90 ko 135 to sai ka nemo wani ɗan abin leƙe daban ka zura shi a mazaunin nan na saman kyamara, inda yanzu ake zura filasha. Shi ne biyufainda na ɗorawa, ni dai maleƙi nake ce masa don ya fi sauƙi a baki. Da yawansu yanzu sun haura shekara 60 ko 70 a duniya, in ka leƙa sai kaga kamar hayaƙi ya cika ɗaki, ga ƙura ga ɗigo-ɗigo, wani ma har da fumfuna. Yawanci suna gyaruwa fa, kuma gyaran ba wuya. Amma abin da ke ci min rai shi ne waɗanda na gani sun mutu murus mafi yawa ba tsufa ne ya kashe su ba, hannun mai wankewa ne. Ni ma na taɓa yi, auduga ɗaya na goga a cikin wani mai farin layi, ina ɗagowa naga rabin layin ya biyo audugar, har yau in na tuna sai naji ba daɗi don abu ne da ba ya dawowa.

Shi yasa kafin ka ɗauki sukudireba ka fara sanin wane iri ne a hannunka.

Akwai mafi sauƙi, gilashi biyu ne kawai, na gaba mai loɓawa ciki wanda ke ƙanƙanta hoto, na wajen ido kuma mai tudu. Ba layi ba madubi ba komai, iyakar abin da ka gani shi ne hoton. Wannan ko sabon shiga zai iya wanke shi. Sai mai farin layi, wanda in ka leƙa zaka ga firam mai haske kamar yana shawagi a iska. Yawancinsu tsarin Albada ne, sunan wani mutumin Holan ne van Albada da ya fito da dabarar, kuma SBOOI na Leitz, kamfanin da ke yin Leica, na 5cm wato 50mm, da ya fito a farkon shekarun 1950 shi ne wanda aka fi sani, da ƴan'uwansa SBLOO na 3.5cm da SGVOO na 9cm da SHOOC na 13.5cm. Yadda yake aiki, an zana layin ne da abu mai sheƙi a cikin gilashin wajen ido, yana kallon gaba, sannan akwai wata fuska a gilashin gaba da aka yi wa shafen madubi siriri, rabi tana wuce da haske rabi tana mayarwa, to ita ce ke dawo maka da hoton layin cikin idonka. Waɗannan fuskoki biyu su ne ran abin. Sai na uku masu firizim a ciki, wato gilashin nan mai kusurwoyi da ke juya hoto ya miƙe. Nan ne VIDOM na 1933 yake, wanda hagu ke komawa dama a cikinsa, kuma haka aka ƙera shi ba lalacewa ya yi ba, da VIOOH da ya biyo bayansa ya gyara wannan, da kuma mai juyawa na masana'antar KMZ da aka yi a Krasnogorsk zamanin Tarayyar Sobiyet, kwaikwayon na Zeiss, mai ƙananan lensuna biyar, 2.8 da 3.5 da 5 da 8.5 da 13.5cm.

Af, in ka samu Kontur na Voigtländer ka leƙa kaga baƙi ƙirin sai layi kawai, kar ka ce ya toshe ka kama kwancewa. Da ido biyu a buɗe ake amfani da shi, ido ɗaya na ganin layi ɗayan na ganin duniya, ƙwaƙwalwa ta haɗa su.

To yanzu bincike. Shiga wuri mai ɗan duhu ka haska tocila ta gefe ɗaya kana kallo ta ɗayan, a karkace, ba kai tsaye cikin ido ba, sannan ka juya. Abin da ke kamar gari-gari ƙura ce. Wanda ya lulluɓe ko'ina daidai wa daida kamar hazo, yawanci tururin tsohon giris ne ya kwanta a gilashi. Mai rassa kamar saƙar gizo fumfuna ce. In kuma kaga launin bakan gizo ko wani ruwan zinare yana shigowa daga gefen gilashi to gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya fara saki, wankewa ba za ta yi masa komai ba. Wata dabara kuma a masu firizim, in ka leƙa yadda aka saba kaga ɗigon datti ya fito tar da kaifinsa, to yana zaune ne a daidai inda hoto ke haɗuwa, wajen firam ko gilashin da ke da alamar tsakiya. Dattin da ke kan gilashin waje ba ya fitowa da kaifi, dishi-dishi kawai yake kawowa. Wannan kaɗai zai gaya maka inda zaka buɗe, ba sai ka wargaza duka ba. Shi kuma mai farin layi ka fita da shi waje ka fuskanci wuri mai haske kafin ka yanke hukunci, don layin da hasken da ke shigowa ta gaba yake rayuwa, a ɗaki mai duhu ko lafiyayye ma dusashewa yake.

Kayan aiki ba su da yawa. Robar hura iska, burushi mai laushi sabo, auduga mai tsinke, takardar goge lensi, sifirit na aisofurofil mai ƙarfin 99 cikin 100 don shi ba ya barin ruwa a baya, ruwan da aka tace ta hanyar turarawa, man laita don narkar da giris, tsinken sakace, hantsaki, ƙananan sukudireba masu kyau, sifanar lensi mai baki biyu, da guntun roba mai kamawa, ko tafin safar hannu ta roba ma ya isa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin tire ka yi aikin a kai, don notinan nan wasu ba su kai ƙwayar yashi biyu ba, in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri, kuma da yawa tagulla ne maganaɗisu ba zai nemo maka ba. Filaya kuwa ka ajiye ta nesa. Ita ce ke murƙushe zoben ido ta bar masa shaidar haƙora har abada.

Fara da waje tukuna. Hura, share da burushi, sannan ɗan sifirit a takarda, ba a kan gilashin kai tsaye ba don kar ya gangara ciki. Sau da yawa gilashin wajen ido ne kawai ya sha maiƙon gira da gumi na shekaru, kana gogewa sai kaga rabin matsalar ta tafi. In bayan wannan kana gani tar, ɗan ƙurar da ta rage ba ta hana ka komai, dan Allah ka tsaya a nan. Ka tuna haske ba ta maleƙi yake bi ya isa fim ba, dattinsa ba ya fita a hoto.

In ya zama dole a buɗe, wayarka ita ce babban kayan aiki, duk abu ɗaya da ka cire ka ɗauki hoto, ka jera su daga hagu zuwa dama yadda suka fito. Kafin ka murɗa komai ka zagaye jikin da ido ka nemi ƙananan notinan nan marasa kai da ke kulle zobe ta gefe, wani lokaci fenti ko datti ya rufe su, in ka murɗa zoben da ƙarfi suna ciki zaren ne zai ci. Da yawa kuma a masana'anta an ɗiga wa zaren ɗan gam don kar ya kwance, sai ka ɗiga sifirit kaɗan da bakin tsinke a kan zaren kaɗai ka jira minti biyar ko goma ka sake gwadawa da roba. Bakin sukudireba ya cika tsagar notin daidai, in ya yi ƙarami ka goga wani a dutse har ya zauna, kuma kayan Japan masu kan kuros da sukudireban JIS, wato masu ma'aunin Japan, suka fi zama, na Phillips yana zamewa ya cinye kan. Duk gilashin da ya fito ka yi masa ƴar kibiya da fensir a kaurin gefensa mai nuna gaba. Gilashi ƙarami in ka juya shi baibai ido ba ya ganewa, sai ka gama haɗawa kaga gefen hoto ya lanƙwashe ka rasa dalili. Haka siraran washa da guntun takarda ko kwali da zaka tarar a ƙarƙashin firizim, ba shara ba ce, da su aka saita shi, kowanne ya koma inda ya fito.

Gilashin da ba shi da shafen madubi ba shi da layi, wankinsa sauƙi ne. Hura tukuna, kullum hura tukuna, don ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin auduga ita ce ke zana. Sai auduga mai ɗan laima da sifirit daga tsakiya zuwa gefe, shafa ɗaya ka jefar ka ɗauki sabuwa. In hazon na maiƙo ne ya ƙi, man laita tukuna sannan sifirit. In ya ƙi duka biyun gwada ruwan tace da ɗigon sabulun ruwa, wani dattin ruwa yake ji ba sifirit ba. Kar ka danna. Shafen da ake yi wa gilasan ciki a shekarun 1940 da 1950 yana da laushi sosai, ba irin na lensin yau ba ne. Na baya-bayan nan kuma wasu lensinsu roba ne, asiton, sinadarin nan na cire fentin farce, zai narkar da su nan take ya kuma ɗebe fenti, sifirit ma yana iya tsattsaga wasu, waɗannan ruwa da sabulu kawai.

To mu dawo kan mai farin layi, don a nan ake kuka. Fuskar da ke da madubin da fuskar da ke da layin, ƙa'idata ita ce iska kawai. Iskar ma ta robar hannu, daga ɗan nesa, ba ta gwangwani ba mai fesowa da ƙarfi har da ruwan sanyi. Shafen nan ƙarfe ne da aka turara a kan gilashi, siriri ne fiye da yadda kake tsammani, bayan shekaru kuma danshi ya riga ya shiga ƙarƙashinsa ya sassauta shi, wani ma yana zaune ne kawai don ba a taɓa shi ba. Yadda zaka gane fuskar, riƙe gilashin a karkace a haske zaka ga ɗaya tana sheƙi kamar madubi fiye da ɗayar, ka taɓa gefe kaɗai. In hazon da ke kanta ya yi yawa har abin ba ya amfanuwa kuma ka yarda a ranka cewa zaka iya rasa shi, to kwarara ake yi ba goga ba, ka karkata shi ka zuba ruwan tace ya gangara, ka bi da sifirit kaɗan ya kwashe ruwan, ka hura ya bushe. Ko wannan ma ka fara gwadawa a can ƙarshen gefe inda ƙarfe zai rufe. In kaga wani abu ya motsa ka tsaya. Wasu kuma an liƙe shafen a tsakanin gilasai biyu, ko an rufe jikin gaba ɗaya da gam ko an lanƙwasa bakin ƙarfen a kan gilashin, irin waɗannan ba a yi su don a buɗe a gida ba, in ka dage sai gilashi ya fashe. Gaskiya maleƙi mai ɗan hazo da layinsa cikakke ya fi min wanda yake tar amma ba layi sau dubu, tunda layin ne dalilin sayensa. In madubin ya riga ya mutu akwai masu sana'ar sake shafa shi a injin da ke zuƙe iska, aikinsu ne, ba na tebur ba.

Fumfuna a gilashi na yau da kullum tana fita da ruwan haidurojin farokzaid na 3 cikin 100, wasu na haɗa shi da ruwan amoniya rabi da rabi, a jiƙa gilashin ƴan mintuna a ɗauraye a bi da sifirit. Ka yi a inda iska ke shiga, kuma kar amoniya ta kusanci bilic ko kaɗan, hayaƙinsu guba ne. Wannan haɗin kar ya taɓa madubi ko layi ko gilasan da aka liƙe. In bayan wankin har yanzu kana ganin sawun rassan, to ta riga ta ci gilashin, ba datti ba ne kuma, ƙarin goga ƙarin ɓarna ne. Ka goge cikin ƙarfen ma da sifirit, ka duba gidan fatar da ya zo da shi, sau da yawa daga nan take tasowa.

Maganar gam, da ana liƙa gilasai ne da balsam na Kanada, ƙaro ne na wata bishiya, yana tsufa ya yi rawaya ya saki. In a gefe ne kawai ƙyale shi, zai iya ƙara shekaru a haka. Abin kiyayewa shi ne kar ka jiƙa irin wannan gilashin a sifirit ko asiton, yana bi ta gefe ya ƙara cin gam ɗin. Ana iya raba su da ɗumi a hankali a wanke a sake liƙawa da gam na zamani mai bushewa da hasken UV, amma sai tsakiyarsu ta hau daidai kuma shi wannan gam ɗin in ya kama raba shi wahala ne, don haka ka koya a kan wanda ba ka jin asararsa. Sufa gulu kam haramun ne a nan, tururinsa fari yake kwantawa a kan duk gilashin da ke kusa.

Masu juyawa irin na KMZ da masu zobe irin VIOOH su matsalarsu biyu, hazo a fuskokin firizim da giris da ya daskare. A mai juyawa in hazon na nan a duk lamba biyar to a jikin yake, in a lamba ɗaya ce to ɗan lensin nan ne kawai. Lokacin cire farantin juyawa ka yi a hankali ka rufe da tafin hannu, don abin da ke sa shi yin ƙas a kowace lamba ƙarami ne kuma da sifirin a bayansa, yana iya tsalle. Firizim in zaka iya goge fuskokin da ke buɗe yana zaune a wurinsa ya fi, don in ka ɗaga shi ya koma da ɗan karkata duniya gaba ɗaya zata jirkice a ciki, sai ka yi ta sassautawa kana leƙa bakin ƙofa ko wani layi miƙaƙƙe har ya tsaya. A VIOOH kuma akwai siraran ƙarafa da ke matsewa su buɗe in ka juya zobe daga 3.5 zuwa 13.5, su a bushe suke aiki, man laita ka wanke su ka bari su bushe, ba mai ba giris. Inda ke buƙatar giris, kamar zobe da gindin juyawa, abin da ya ɗane a bakin tsinke ya isa, kuma nesa da gilashi, in ba haka ba hazon da ka wanke yau kai ne ka sake shuka shi. Baƙin fentin ciki in yana ɓarewa ka kankare mai sakin ka taɓa wurin da baƙin fenti marar sheƙi, ka bar shi ya bushe kwana biyu ko uku kafin ka rufe.

Wajen haɗawa ka sa safar hannu, kowane gilashi ka hura shi ka haska tocila kafin na gaba ya hau. Zobe ka fara juya shi baya har kaji zaren ya faɗa sannan ka ɗaure, kuma iya ya zauna kawai, matsi da yawa yana tsaga gilashi.

Saura ƙafa. In tana rawa a mazaunin, duba notinan da suka riƙe ta a jiki tukuna, sau da yawa su ne suka saki. In ƙarfen ne ya cinye ka liƙa siririn salatif a ƙarƙashi, kar ka lanƙwasa mazaunin kyamarar. Wasu suna da ɗan hannu ko zobe a gindi mai lambobin nisa a mita ko ƙafa, shi ke sunkuyar da maleƙin in abin da kake ɗauka yana kusa, tunda yana sama da lensi ba abu ɗaya suke kallo daidai ba. In ya ƙage ɗigon man laita da motsawa a hankali yana sakinsa.

Gwajin ƙarshe sai da kyamarar da bayanta ke buɗewa, kamar Kiev ko Zorki-4 ko Contax, don tsofaffin Leica da FED da Zorki na farko ta ƙasa ake sa musu fim. Kafa ta a kan mai ƙafa uku, manna takarda mai shara-shara a kan layin da fim ke bi, sa shota a B, saitin da ke barinta a buɗe muddin kana danne, ka riƙe ta a buɗe, buɗe lensin duka, ka lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle zaka ga hoton a kife a jikin takardar. Saita wani abu mai nisa kamar kan falwaya ko kusurwar gini a tsakiyar takardar, hannun nisan maleƙi yana kan mafi nisa, ka leƙa kaga ko shi ma a tsakiya yake. In ya kauce gefe sassauta notinan ƙafa ka gyara, in sama ko ƙasa ne siririyar washa a gaba ko a baya. Sannan ka maimaita a mita 1 ka juya hannun zuwa 1. In firam ɗin ya nuna ƙasa kaɗan da abin da ke kan takarda ba laifi, da gangan ake barin wannan rarar.

Mai sa tabarau ya zagaye zoben ido da siririyar roba ko baƙin salatif, don ƙarfen tsofaffin nan yana zana tabarau na roba tun leƙen farko. Ajiya kuma a fitar da shi daga gidan fata, a sa a kwali ko roba mai murfi da ƙunshin silika, danshi ya tsaya tsakanin 40 zuwa 50 cikin 100, silikar in ta sha ruwa a busar da ita a mayar.